Faɗakar da Muridai a kan Rundunar da Allah Ya Ajiye Cikin Jiki

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, Mai tsaron bawa yana farke, Mai tsaronsa yana barci, wanda ya gina ɗan Adam ginin birni, ya kewaye shi da ganuwa, ya sanya masa masu tsaro waɗanda bai ɗauke su aiki ba, bai kuwa san sunansu ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana cikin ɗariƙa, Allah ya datar da ni da ku ga abin da yake so, ku sani sababin rubuta wannan takarda shi ne wata tambaya da ta yawaita a bakin muridai a zawiyoyi. Wani ya ce: wanda ya lazimci wuridinsa safe da yamma, ya miƙa al'amarinsa ga Allah, me zai kai shi ga likita? Wani ya ce: in na kai ɗana a yi masa rigakafi tun ciwo bai zo ba, ashe ban munana zato ga Ubangijina ba? Na ga wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin ran yara yana rataye da amsarta. Sai na nemi zaɓin Allah, na tara abin da ya sawwaƙa daga sanin likitoci game da abin da suke kira garkuwar jiki, da abin da malamanmu suka karantar game da tawakkali, na jera shi fasali-fasali. Abin da nake so ku riƙe guda ɗaya ne: Allah da kansa ya tsare jikinku da sababi, saboda haka wanda ya wulakanta sababi ya wulakanta aikin Allah, ko da ya kira abin da ya yi tawakkali.

Fasali na farko, a kan ganuwa da ƙofofi

Ka sani, ya ɗan'uwa, cikin ƙurar da kake shaƙa, da ruwan da kake sha, da hannun da kake gaisawa da shi, akwai halittu ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya riskarsu sai da madubin likita. Mafi yawansu ba su cutarwa. Wasunsu ma suna zaune cikin hanjinka, suna taya ka narka abinci, suna hana miyagu samun wurin zama. Kaɗan daga cikinsu su ne ƙwayoyin cuta, su ne masu kawo tarin fuka, da sanƙarau, da ƙyanda, da amai da gudawa.

To, abu na farko da Allah ya sanya tsakaninka da su shi ne fata. Ita ce ganuwa. Bayanta busasshe ne mai tauri, kullum yana kakkaɓewa, sabo yana tasowa daga ƙasa, duk abin da ya manne yana faɗuwa tare da tsohon. Amma birni ba ya rayuwa sai da ƙofa, domin tilas iska ta shiga, abinci ya shiga. Sai ya sanya wa kowace ƙofa sarkin ƙofarta. A hanci ya sanya gashi da majina su kama ƙura. A hanyar numfashi ya shimfiɗa wasu gasu ƙanana da ba a gani, suna kaɗawa dare da rana, suna turo majina sama har ta zo maƙogwaro. In abin ya fi ƙarfinsu sai atishawa ko tari su fitar da shi da ƙarfi. A tumbi ya sanya ruwa mai tsami ƙwarai, wanda mafi yawan abin da ya biyo loma yake mutuwa a cikinsa. A hawaye da yawu ya sanya wani abu mai fasa bangon ƙwayoyin cuta, wanda likita Aleksanda Fleming ya bayyana a birnin Landan a shekara ta 1922. Hawayen da mai tsoron Allah yake zubarwa cikin sulusin dare, su ne dai suke wanke masa ido da rana bai sani ba.

Sa'an nan ka duba inda alwala take sauka: tafin hannu, baki, hanci, fuska, ƙafa. Muna yin ta ne domin umarni, ba domin magani ba. Amma mai lura ya ga cewa Wanda ya yi umarnin shi ne Wanda ya yi ƙofofin.

Fasali na biyu, a kan dakarun da suke fara isa

In ƙaya ta soke ka a ƙafa, ganuwa ta tsage ke nan. Sai ka ga wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, yana zugi. Jahili yana ɗaukar wannan duka ɓarna ce, alhali kuwa gangar yaƙi ce aka buga. Hanyoyin jini na wurin suna buɗewa domin jini ya ƙaru, shi ne jan da zafin. Bangonsu yana sakin ruwa domin dakarai su sami fita, shi ne kumburin. Zugin kuwa domin ka daina takawa ne.

Waɗannan dakarai su ne fararen ƙwayoyin jini. Cikin jinin da bai kai girman ƙwayar gero ba akwai 4,000 zuwa 11,000 daga cikinsu a jikin mai lafiya. A cikin ɓargon ƙashi ake halittarsu. Kashi mafi yawa daga cikinsu su ne masu haɗiya: suna bin alamar maƙiyi har su cim masa, su kewaye shi, su haɗiye shi, su narkar da shi. Ransu gajere ne, daga sa'o'i zuwa kwanaki kaɗan, don haka ɓargo yake fitar da kimanin biliyan 100 na irinsu a kowace rana. Mugunyar da kake ƙyama in ta fito daga miki, mafi yawanta gawarwakinsu ce, sun mutu a bakin daga domin ka rayu. Wani masani na daular Rasha, Iliya Mechnikof, shi ya fara bayyana wannan aiki a garin Mesina na Italiya a shekara ta 1882, sa'ad da ya soka ƙaya a jikin 'yar tsutsar wata halittar teku mai siffar tauraro, da gari ya waye ya ga ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar.

In yaƙin ya yi girma sai jiki duka ya ɗauki zafi, ya wuce ma'auninsa na kullum, wato 37. Wannan shi ne zazzaɓi. Zafin yana rage wa wasu ƙwayoyin cuta ƙarfin hayayyafa, yana ƙara wa dakarai sauri. Kasalar da take kwantar da kai kuwa domin a juya ƙarfinka zuwa fagen fama ne. Amma ka kiyaye, zazzaɓi shela ce cewa maƙiyi yana cikin gari. Zazzaɓin ƙaramin yaro a ƙasar sauro ba a kwana da shi ana jira, a kai shi a auna jininsa.

Fasali na uku, a kan tarbiyyar runduna da haddarta

Akwai wata runduna ta biyu, ita ba ta da gaggawa, amma ta fi sani. Aikinta rarrabe ɗan gari da baƙo, sa'an nan rarrabe wannan baƙo da wancan. Wani sashe nata, bayan an halitta shi a ɓargo, ba a barinsa ya fita yaƙi sai ya je makaranta. Makarantar wata 'yar tsoka ce a bayan ƙashin ƙirji, likitoci suna ce mata taimos, tana da girma a jikin yaro, tana raguwa bayan balaga. A can ake jarraba kowace ƙwaya. Wadda ba ta iya gane komai ba a kawar da ita. Wadda ta zaburo wa naman jikin da ya haife ta, ita ma a kawar da ita. Mafi yawansu ba su fita daga wannan makaranta da rai, kaɗan ne ake ba izini. Ya kai muridi, in ƙwayar jini ba a ba ta takobi sai bayan tarbiyya, yaya kai za ka ƙosa da tarbiyyar shehunka, kana neman izini tun ba ka rarrabe haɗarin rahama da waswasin Shaiɗan ba?

Wani sashe kuma maƙera ne. Su ne suke ƙera wa maƙiyi mari, kowane mari daidai ƙafar ɓarawo ɗaya, ba ya shiga ƙafar wani. Wannan mari shi likitoci suke kira antibodi. Yana yawo cikin jini, in ya gamu da mai shi sai ya kama shi, ya hana shi shiga cikin nama, ya sa masa alama domin masu haɗiya su gan shi. Marin ƙyanda ba ya kama sanƙarau, na sanƙarau ba ya kama tarin fuka.

Wurin da ake kai labarin baƙo a nemo maƙerin da ya dace da shi, shi ne kaluluwa. Ɗaruruwa ne a jiki, a wuya, da hamata, da matse-matsi, da cikin ciki. Shi ya sa miki yana ƙafa, kaluluwa ta fito a matse-matsi: majalisar yaƙi ce ta cika. Saifa kuwa tana yi wa jini irin wannan tacewa.

To, ga inda hatsarin yake. A karo na farko, kafin a nemo maƙerin, ya hayayyafa, ya ƙera mari mai isa, sai an ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Cikin waɗannan kwanaki ne cuta take cin gari, cikinsu ne ake rasa yara. In Allah ya sa an ci nasara, sai wasu daga cikin rundunar su zauna shekaru suna riƙe da kamannin wannan maƙiyi, kamar yadda alaramma yake riƙe da haddarsa. In ya komo, kafin ya sauke kaya an kama shi, mai jikin bai ma ji ba. Wannan ne dalilin da iyayenmu suka lura cewa wanda ya yi ƙyanda ya tashi, ba ta cika komo masa ba, haka wanda agana ta bar wa zanzana.

Fasali na huɗu, a kan jariri da kan rigakafi

Jariri yana fitowa duniya rundunarsa ba ta haddace kowa ba. Dubi tausayin Allah gare shi. Cikin watanni uku na ƙarshen ciki, marin da uwa ta tara tsawon rayuwarta yana ƙetarawa ta mabiyiya zuwa jininsa, ya fito da guzurin da bai yi wahalarsa ba. Sa'an nan nonon farko, wato dakashi, mai kauri mai launin rawaya, cike yake da mari mai shafe hanjin jariri ya tsare shi. Ku gaya wa matanku da ungozomominku: al'adar matse dakashi a zubar, a ba jariri ruwa ko wani abu a madadinsa, zubar da kyautar Allah ce. Wannan guzuri na uwa aro ne, yana ƙarewa cikin watanni. Shi ya sa ake yi wa yaro allurar ƙyanda yana wata 9, lokacin da aron ya yi rauni.

Mene ne rigakafi? Shi ne a nuna wa runduna maƙiyi wanda aka kashe, ko aka raunana, ko wani yanki na jikinsa, domin ta haddace kamanninsa ba tare da ya ci gari ba. Likita bai halicci runduna ba, bai halicci hadda ba. Abin da ya yi bai wuce na mai ɗauko allo ya ajiye gaban almajiri ba. Mai buɗe ƙirji ya sa a haddace, Allah ne.

Ku dubi agana, wadda take makantarwa take kashewa tun zamanin da. Likitan Musulmi Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya rubuta littafi yana rarrabe ta da ƙyanda. Mutanen Istanbul da wasu ƙasashen Afirka da Asiya sun daɗe suna tsaga fata su sa ɗan ruwan ƙurjinta domin a yi ta da sauƙi, amma wannan hanya tana da hatsari. A shekara ta 1796 Edward Jenna a Ingila ya gwada ruwan ƙurjin shanu, aka sami hanya mafi aminci. Tabon lamba da kuke gani a dantsen dattawanmu asalinsa ke nan. Mutum na ƙarshe da agana ta kama ta hanyar yaɗuwarta ta asali a Somaliya yake, a shekara ta 1977, kuma a 1980 aka yi shelar ƙarewarta a duniya. Allah ne ya ɗauke ta, da sababi ya ɗauke ta.

Ku dubi kuma abin da ya faru a ƙasarmu, na faɗe shi domin wa'azi, ba domin zargin kowa ba. A shekara ta 2003 shakka ta shiga zukata, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi har zuwa 2004. Cutar ta ƙaru, ta bi matafiya ta koma ƙasashen da ta riga ta bari, har Yaman da Indonesiya, ƙasashen 'yan'uwanmu Musulmi. Da sarakuna da malamai suka tashi tsaye aka koma yi, sai ta ja baya, har a 2020 aka yi shelar cewa ƙwayarta ta asali ta ƙare a Afirka. Yaran da ta shanye wa ƙafa a tsakani sun girma, kuna ganinsu. Kuma kowane alhaji ya san ba a barinsa ya shiga ƙasa mai tsarki sai da shaidar allurar sanƙarau, ba mu kuwa taɓa jin wanda ya ce hajjinsa ya ragu saboda ita ba.

Fasali na biyar, a kan raunin runduna da wuce iyakarta

Wannan runduna halitta ce, tana ƙarfi tana rauni. Yunwa tana raunana ta, shi ya sa yaro mai tamowa gudawa kaɗan take kayar da shi. Rashin barci mai tsawo yana raunana ta, haka tsufa, haka ciwon sukari da ba a kula da shi ba. Ƙyanda tana da wani sharri na daban: tana kashe masu hadda, sai yaro ya tashi daga gare ta jikinsa ya manta maƙiyan da ya riga ya sani. Ƙwayar ƙanjamau kuwa kan jagororin runduna take faɗawa, tana rage su shekara da shekaru har gari ya zama ba mai ba da umarni. Allah ya saukar da maganin da yake danne ta, mai shan sa kullum yana rayuwa ya yi ibadarsa.

Wani lokaci kuma runduna tana wuce iyaka. Ta ɗauki ƙura ko garin fure maƙiyi, ta tayar da yaƙi a kan abin da ba ya cutarwa, sai numfashi ya toshe ko jiki ya yi borin jini. Ko ta juya kan 'yan gari, ta ci gaɓoɓi, ko ta rushe wurin da yake sarrafa sukari a jikin yaro. Domin haka Allah ya sanya a cikinta wasu masu tsawatarwa, aikinsu su ce ya isa. Ga ishara a nan ga mai tsananta wa kansa, wanda ya hana jikinsa barci da abinci har ya kasa tsayuwar farilla, da wanda kishin addini ya sa ya juya takobin harshensa kan 'yan'uwansa. Tsaron da ba shi da linzami, gidansa yake fara ci.

Kada kuma wani ya ga ɗan'uwansa a kwance ya ce da ya riƙe wuridi da bai kwanta ba. Annabi Ayuba ya yi jinya mai tsawo. Shugabanmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi zazzaɓi mai tsanani. Ciwo yana zama kankarar zunubi, yana zama ɗaukaka daraja, kuma neman maganinsa ba ya rage ladansa.

Fasali na shida, a kan tawakkali da ladabin muridi

Malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓɓai ne, ɗayansu ba ya korar ɗaya. Shugaban masu tawakkali ya ɓuya a kogon Sauru dare uku lokacin Hijira, ya sa sulke biyu ranar Uhudu, ya yi ƙaho, ya kuma umarci al'ummarsa da neman magani. Wane ne a cikinmu ya fi shi sanin Allah?

A zamanin annobar Amwasa, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, sai labarin annoba ya tarye shi a wani wuri da ake kira Sargu. Ya yi shawara da Muhajirai, da Ansar, da dattawan Ƙuraishawa, sa'an nan ya yanke a koma Madina. Sayyidina Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Sai Umar ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe, ya nuna masa duk gefen da ya kai su da ƙaddarar Allah ya kai su. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya shaida cewa ya ji Annabi ya hana shiga ƙasar da annoba take, ya kuma hana na cikinta fita domin gudu. Allah ya yarda da su baki ɗaya.

Saboda haka ina yi wa kaina wasiyya, ina yi muku, da abubuwa biyar. Na farko, ku sanya wannan ni'ima cikin godiyarku bayan wuridi, domin an yi muku yaƙi yau ba ku sani ba, kuma ni'imar da aka ɓoye ta fi cancantar a tuna ta. Na biyu, ku ba jiki hakkinsa na barci da abinci na halal, amana ce aka ba ku, shi ne abin hawanku zuwa ga Allah. Na uku, ku tsare ƙofofi: a wanke hannu da sabulu bayan kewaya da kafin cin abinci, a rufe ruwan sha, a kwana cikin gidan sauro. Na huɗu, mai tari ko ƙurji mai yaɗuwa ya yi wuridinsa a gida har ya warke, kada ya kawo wa halƙa cuta, ladan niyyarsa yana nan. Na biyar, ku kai yaranku rigakafi a kan lokacinsa. Baligi in ya zaɓi haƙuri da wani ciwo a kan kansa, wannan magana ce tsakaninsa da malamai. Amma yaro amana ne, ba shi da baki, kuma ba ya halatta ka yi tawakkali da ƙafar wani.

In ka yi waɗannan duka, to, kada zuciyarka ta jingina da su. Allura ba ta warkarwa da kanta, runduna ba ta cin nasara da kanta, kuma in ajali ya zo babu ganuwar da take tare shi. Ka riƙi sababi da hannunka, ka bar zuciyarka wurin Mai sababi. Wannan ita ce hanyar magabatanmu.

Ya Allah, kamar yadda ka tsare jikinmu da rundunar da ba mu gani, ka tsare zukatanmu daga gafala da riya da hassada. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka raya 'ya'yanmu cikin imani, ka jiƙan iyayenmu da shehunanmu, ka sa mu cika da kalmar shahada. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma sa marubucinta cikin addu'a. Allah ne mafi sani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amin.